Nazarin Lamari: Tazarar Mako 22 da Ta Raba Mai Sandarewar Ƙashin Baya da Infliximab

Wannan nazari ya bi sawun majiyyaci guda mai cutar sandarewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira ankylosing spondylitis, tun daga ranar da aka yanke shawarar sa masa infliximab, maganin da ke danne kumburi, ta ƙarin ruwa har zuwa ranar da aka haƙura da maganin. Majiyyacin misali ne da aka tsara bisa irin tafiyar da ake yawan gani a ɗakunan ƙarin ruwa, alkaluman jikinsa ma na misalin ne, amma ƙa'idojin magani da adadinsa su ne waɗanda ake aiki da su. Maganin ya karɓe shi sosai har shekara guda. Tazarar da aka bari tsakanin leda da leda ce ta ɓata lamarin.

Yadda ya iso

Namiji ne ɗan shekara 34, nauyinsa kilo 72, mashayin taba. Tun yana da shekara 26 yake fama da ciwon ƙugu da ɗuwawu, yau dama gobe hagu. Ciwon kan tashe shi a ƙarshen dare, da safe kuma bayansa ya sandare sama da awa guda, sai ya yi ta zirga-zirga kafin ya sake. Nan ne ciwon baya na kumburi ya bambanta da na ɗaukar kaya: na ɗaukar kaya hutu yake so, na kumburi kuwa hutu ke tsananta shi, motsi ya sassauta shi. Shekara 8 ana ce masa yawan zama ne. Sai da idonsa na dama ya yi ja, yana zafi, ba ya jure haske, likitan ido ya gano kumburin cikin ido, ya tambaye shi ko yana ciwon baya, sannan aka tura shi wurin likitan gaɓoɓi.

Hoton ƙugu ya nuna mahaɗar ƙashin baya da ƙashin ƙugu ta lalace ta ɓangarorin biyu, hoton MRI kuma ya nuna sabon kumburi a ɓargon ƙashin da ke gefenta. Gwajin HLA-B27, wani sinadarin gado da ake yawan samu a jikin masu wannan cuta, ya nuna yana ɗauke da shi, ko da yake wannan gwaji shi kaɗai ba ya tabbatar da cuta, domin mutane da yawa suna da shi suna zaune lafiya lau, akwai kuma masu cutar da ba su da shi. CRP, wato gwajin jinin da ke nuna kumburi, ya kai miligiram 28 a lita.

An auna ƙarfin cutar da ma'auni biyu. BASDAI tambayoyi 6 ne da majiyyaci ke amsawa da kansa a kan gajiya, ciwon baya da wuya, ciwon sauran gaɓoɓi, wuraren da ke zafi in an taɓa, da tsanani da tsawon sandarewar safe. Ya samu 6.8 cikin 10, daga 4 zuwa sama kuwa ana cewa cuta na ci. ASDAS yana haɗa amsoshin majiyyaci da sakamakon CRP, nasa 4.4 ne. Ƙasa da 1.3 cuta ta kwanta, daga 2.1 ta yi ƙarfi, sama da 3.5 ta yi ƙarfi ainun.

Ba a fara wa kowa da maganin bayolojik, wato dangin su infliximab. Ƙa'ida ita ce a gwada aƙalla magungunan kumburi iri biyu na dangin ibuprofen, a cikakken adadi, na tsawon mako 4 a haɗe. Ya sha naproxen miligiram 500 sau biyu a rana, daga baya etoricoxib miligiram 90 sau ɗaya, yana kuma zuwa gashin ƙashi. Ciwon ya ragu kaɗan, CRP bai motsa ba. Methotrexate da sulfasalazine, da ake ba masu amosanin gaɓoɓi, ba sa yi wa ƙashin baya aiki, saboda haka ba a ɓata masa lokaci da su ba.

Kumburin idon nan shi ya taƙaita zaɓi. Cikin magungunan da ke toshe TNF, sinadarin da ke hura wutar kumburi a jiki, infliximab da adalimumab sun fi etanercept kare ido daga dawowar kumburi. Adalimumab allura ce da mutum ke yi wa kansa, sai an ajiye ta a firji. Majiyyacin ba ya son yi wa kansa allura, aikinsa kuma na tafiye-tafiye ne. Ya zaɓi ƙarin ruwa.

Kafin ɗigon farko

TNF ba mugun sinadari ba ne. Shi ne ke riƙe katangar da garkuwar jiki ke ginawa ta kewaye ƙwayar tarin fuka da ke kwance a jikin mutum ba tare da ta sa shi rashin lafiya ba. In aka toshe shi, katangar na iya rushewa. Rahotannin da aka tattara a 2001, shekara uku bayan fitowar infliximab, sun nuna tarin fuka na bayyana cikin watannin farko na shan maganin, kuma fiye da rabin waɗanda ya kama, ba a huhu kaɗai ya tsaya musu ba. Tun daga nan gwajin tarin fuka ya zama wajibi.

An yi masa hoton ƙirji, ya fita fes. Ba tari, ba gumin dare, ba rama. Amma gwajin jini na IGRA ya nuna akwai ƙwayar a kwance. An sa shi a isoniazid miligiram 300 kullum tare da bitamin B6, na wata 6, aka ɗage infliximab da wata guda domin maganin tarin ya riga shi shiga jiki. Wannan wata gudan shi ne majiyyata suka fi ƙorafi a kansa, don ciwo bai daina ba, ga magani an ce akwai an hana su. A ganinmu babu sassauci a nan. Abin da za a iya yi shi ne a bayyana musu dalili da kyau, a kuma sa ido a kan hanta, tunda isoniazid da maganin kumburi da infliximab duk suna iya taɓa ta.

Sauran gwaje-gwajen ba su ɗauki lokaci ba: ciwon hanta nau'in B, har da gwajin da ke nuna tsohon kamu, domin ƙwayar na iya farkawa, nau'in C, cuta mai karya garkuwar jiki, ƙididdigar jini, aikin hanta da ƙoda. An tambaye shi ciwon zuciya, don mai matsakaicin ko tsananin gazawar zuciya ba a sa masa maganin, da kuma alamun cutar da ke cinye rigar jijiyoyin laka. An duba katin rigakafinsa. Rigakafin da ke ɗauke da ƙwaya mai rai, kamar na shawara da na ƙyanda da BCG, ba a yin sa da zarar an fara magani. Wanda ake buƙata sai a yi tun kafin nan.

Haɗa ledar

Adadin infliximab a wannan cuta miligiram 5 ne ga kowane kilo. Kilo 72 sau 5, miligiram 360 ke nan. Kowace kwalba tana ɗauke da miligiram 100 na farin gari, ana ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka kwalba 4 ake buɗewa. Ana auna majiyyaci a sikeli duk zuwa, ba a dogara da nauyin bara.

Ana zuba wa kowace kwalba mililita 10 na tsabtataccen ruwan allura, da allura mai lamba 21 ko wadda ta fi ta siranta, a karkata bakin allurar ruwan ya bi jikin gilashi. Sai a juya kwalbar a hankali. Ba a girgizawa, domin maganin furotin ne, girgiza na sa shi kumfa ya dunƙule, dunƙulallen furotin kuwa ya fi tsokano garkuwar jiki. A bar ta minti 5. Ruwan ya zama garau ko ruwan ɗorawa kaɗan. In an ga gudaji masu duhu ko launi ya sauya, a ajiye ta gefe. Daga kwalaben huɗu ana zuƙo mililita 36, a fara cire mililita 36 daga ledar ruwan gishiri mai mililita 250, sannan a zuba maganin a hankali, jimla ta koma 250 daidai. Ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari kaɗai ake amfani da shi, kuma ba a haɗa wani magani a tiyon. Tiyon yana da matata a jikinsa, mai ƙofa maikiron 1.2 ko ƙasa, wadda ba ta riƙe furotin. A fara sa ruwan cikin awa 3 da haɗawa, a rubuta sunan kamfani da lambar kwalba a fayil.

Akwai kuskuren da ke jawo asara mai yawa: a haɗa leda kafin a ga majiyyaci. In ya iso da zazzaɓi ko jijiya ta ƙi samuwa, kwalba huɗu sun tafi a banza. Tsari mai kyau shi ne a fara tambayoyi, a auna zafin jiki da hawan jini da bugun zuciya, a kafa kanula a ga tana tafiya, sannan a aika a haɗa.

Awa biyu a kujera

Jadawalin farko mako na 0, na 2, da na 6 ne, daga nan duk mako 6. A Turai takardar maganin ta ba da dama daga mako 6 zuwa 8. Kowace leda ba ta gaza awa 2 ba. Ɗakuna da yawa suna fara gudun ruwan a hankali: mililita 10 a awa na minti 15, sai 20, sai 40, sai 80, kowanne minti 15, sai 150 na rabin awa, sai 250 har leda ta ƙare. Ana duba hawan jini da bugun zuciya duk lokacin da aka ƙara gudu. Bayan an gama, majiyyaci ya zauna awa 1 zuwa 2 ana kallonsa.

Abin da masu wannan cuta suka fi kuka da shi a ranar ƙarin ruwa ba allura ba ce, zaman ne. Mutumin da cutarsa ke tashi in ya zauna, an ɗaure shi da kujera awa uku ko huɗu. A zuwan farko majiyyacinmu ya kasa miƙewa sai da aka kama shi. Gyaran mai sauƙi ne: a kafa kanula a tsakiyar damtse na ƙasa maimakon lanƙwasar gwiwar hannu, a ba shi sandar rataye leda mai taya, ya tashi ya taka duk minti 20 ko 30, a sa masa matashi a bayan wuya. Shan ruwa sosai tun daren jiya da ɗumama hannu suna fito da jijiya. Ya samu ciwon kai da kasala a yammacin ranar da washegari, abin da mutane da yawa ke ji, ya wuce da paracetamol da barci.

Bayan leda ta biyu ya fara kwana bai farka ba. A mako na 12, lokacin da ake yanke hukuncin ko magani ya yi aiki, BASDAI ya sauko zuwa 2.1, CRP ya koma 3, ASDAS ya zama 1.4. Ana buƙatar ASDAS ya ragu da aƙalla 1.1 kafin a ci gaba. Nasa ya ragu da 3. Tunda ya jure leda uku na farko lafiya, daga baya aka rage masa lokaci zuwa awa 1, kamar yadda takardar maganin ta Turai ta yarda. Ya kammala isoniazid ɗinsa hanta lafiya. Juyawar wuyansa dai ba ta dawo gaba ɗaya ba, domin inda ƙashi ya riga ya haɗe babu maganin da ke raba shi. An gaya masa haka tun farko, an kuma matsa masa ya bar taba, tunda taba na hanzarta haɗewar ƙashi.

Inda bango ya tsage

Ana saura kwana uku ledar mako na 60, haƙorinsa ya kumbura ya tara mugunya. Ya kira ɗakin ƙarin ruwa, aka ce kada ya zo sai ya gama maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma kumburin ya sace. Wannan umarni daidai ne. Mai shan maganin da ke toshe TNF, ƙaramin ƙurji na iya zama babba, zazzaɓi kuma na iya ɓuya, don haka ba a sa leda a kan cuta mai ci. Matsalar ita ce an soke ranarsa ba a ba shi wata ba. An ce ya kira in ya warke.

Ya warke cikin kwana 10. Bayansa shiru. Aiki ya ɗauke shi, ya yi tunanin ko cutar ta tafi ke nan. Babu wanda ya neme shi.

Jikinsa bai yi masa ƙarya ba a lokacin, kuma nan ne tarkon yake. Rabin infliximab yana barin jini cikin kwana 8 zuwa 10, amma ana iya samun burbushinsa har mako 8 ko fiye, kumburin da aka danne shekara guda kuma ba ya tashi dare ɗaya. Mutum na iya yin wata biyu ko uku yana jin garau alhali babu sauran magani a jininsa. A wannan lokacin garkuwar jiki ba barci take ba. Infliximab antibodi ne, wato irin furotin da garkuwar jiki ke yi don cafke baƙon abu, amma shi an ƙera shi ne a ɗakin gwaje-gwaje, yawancinsa irin na ɗan Adam, amma bakin da ke cafke TNF daga ɓera aka samo shi. Muddin maganin yana cikin jini da yawa ba yankewa, garkuwa kan saba da shi. In ya ƙare ƙaf sannan ya dawo, sai ta ɗauke shi baƙo, ta ƙera nata antibodi domin yaƙarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. An daɗe da sanin cewa masu karɓar maganin jefi-jefi sun fi masu bin jadawali yin wannan antibodi.

Mako 22 bayan ledarsa ta ƙarshe ya dawo, ido ja, baya a sandare, agarar ƙafar hagu a kumbure. CRP 22, ASDAS 3.9. Likitan ido ya ba shi maganin ɗigawa mai sitiroyid da na buɗe ƙwayar ido. An sake tambayarsa alamun tarin fuka, aka maimaita hoton ƙirji. Ba a maimaita jerin mako na 0, 2, 6 ba, kuma an yi daidai: takardar maganin ta Turai ba ta goyi bayan sake wannan jeri bayan yankewa ba, saboda borin jiki mai tsanani ya fi yawa da shi. Leda guda ake sawa, a koma jadawali. An mayar da shi awa 2, an ba shi paracetamol da maganin ƙaiƙayi kafin a fara. Ta shiga lafiya lau.

Sai dai sauƙin bai kai mako 3 ba, alhali a da yana kai shi mako 6 cif. Wannan alama ce babba. Ledar farko bayan tazara sau da yawa takan wuce shiru, ita ce ke tayar da garkuwa. Ta biyu ce ke gamuwa da abin da aka tayar.

Minti na 35

Ranar leda ta biyu, likita ya sa a ɗebi jini kafin a fara, domin auna ragowar maganin da kuma antibodi. Lokacin ɗibar ya yi daidai, don gab da sabuwar leda ake auna ragowa. Amma sakamako sai bayan kwanaki, ga majiyyaci yana ciwo, ga shi ya zo, sai aka ce a sa kawai. A nan muke ganin an yi gaggawa. Mai tazarar wata biyar, wanda sauƙinsa ya ragu da rabi, ya cancanci a ɗebi jininsa mako guda kafin ranar, a ga sakamako sannan a buɗe kwalba.

A minti na 35, ruwa na gudun mililita 40 a awa, ya ce wa ma'aikaciyar jinya fuskarsa na zafi, tafin hannunsa na ƙaiƙayi. Kafin ta ƙaraso borin jini ya feso masa a wuya da ƙirji, yana cewa kamar an ɗaure masa ƙirji. Abin da ya shiga jikinsa bai wuce mililita 11 ba, kusan miligiram 16 cikin 360. Hawan jini ya sauko daga 124/78 zuwa 108/68, bugun zuciya 112, iskar jini kashi 96. Leɓe da harshe ba su kumbura ba, murya ba ta dishe ba, babu sautin fito a numfashi.

Ta tsayar da ruwan nan take, ta bar kanular a wurinta, ta cire tiyon gaba ɗaya ta sa sabo da ledar ruwan gishiri zalla. Wannan mataki ana yawan mantawa da shi: tsohon tiyo cike yake da magani, in aka tura ruwa ta cikinsa an ƙara wa majiyyaci abin da ke cutar da shi. Ta kira likita, aka ba shi chlorphenamine miligiram 10 da hydrocortisone miligiram 100 ta jijiya, ana auna shi duk minti 5. Cikin rabin awa komai ya lafa.

Bori ne matsakaici. Da harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko aka fara jin sautin fito a numfashi, ko saman hawan jini ya faɗi ƙasa da 90, da magana ta sauya: adrenaline miligiram 0.5 a tsokar cinya ta waje ba tare da jira ba, a maimaita bayan minti 5 in bai sauya ba, a sa iskar oksijin, a buɗe ruwan gishiri, kuma shi da infliximab har abada. Maganin ƙaiƙayi da hydrocortisone ba sa maye gurbin adrenaline. Akwai kuma abin da ya keɓanta da masu wannan cuta. Wanda bayansa ya haɗe ya lanƙwashe ba a danna shi ya kwanta shamal, sai a cike masa gurbin da matasai yadda surarsa take. Ba a kuma tanƙwara wuyansa baya da ƙarfi don buɗe hanyar iska, domin haɗaɗɗen ƙashin baya yana karyewa da ɗan abu kaɗan. Ya kamata a rubuta wannan a saman fayil tun ranar farko, ba ranar tashin hankali ba.

Da ya natsu, aka sake kunna ruwan daga mililita 10 a awa, ba a wuce 80 ba, ledar ta ƙare cikin kusan awa 4. Ya koma gida da gargaɗin abin da zai lura da shi.

A kwana na 8 ya tashi da zazzaɓi, ƙuraje a jiki, yatsu a kumbure, tsoka na ciwo, muƙamuƙi ya riƙe har tauna na yi masa wuya. Wannan shi ne borin jinkiri, wanda kan zo tsakanin kwana 3 zuwa 12: antibodin jiki ya manne da maganin, dunƙulen ya zauna a ƙananan jijiyoyin jini da gaɓoɓi. Majiyyata kan ɗauka cutarsu ce ta tashi ko mura ce, shi ya sa ake gaya musu tun a ɗaki cewa ciwon muƙamuƙi da ƙuraje bayan ƙarin ruwa abin kira ne. Tunda yana kan maganin da ke rage garkuwa, sai da aka fara tabbatar da cewa zazzaɓin ba na wata ƙwayar cuta ba ne, sannan aka ba shi prednisolone na 'yan kwanaki. Ya ware cikin mako guda.

Abin da jini ya nuna, da zaɓin da ya rage

Sakamako ya iso a cikin wannan makon: ragowar infliximab ba ta kai abin da na'ura ke iya gani ba, antibodin da ke yaƙarsa kuma ya yi yawa. Fassarar wannan gwaji gida uku ce. In ragowa ta yi ƙasa kuma babu antibodi, magani ne bai isa ba, ana iya matso da ranaku ko ƙara adadi. In ragowa na nan da yawa amma ciwo bai daina ba, to ko dai ba TNF ke tuƙa cutar ba, ko ciwon ba na kumburi ba ne, sai a sake duba CRP da MRI kafin a sauya komai. In ragowa babu, antibodi ya yi yawa, ga bori, ƙara adadi ƙara haɗari ne kawai.

Ya tambaya ko za a sauya masa kamfani. Infliximab yana da tagwaye da wasu kamfanoni ke yi: na asali Remicade ne, sai irin su Remsima da Inflectra da Turai ta amince da su a 2013, bayan an gwada su har a kan masu wannan cuta. Sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya ga wanda magani ke yi wa aiki ba matsala ba ce. Amma antibodin da ya kama ɗaya zai kama sauran, har da nau'in da ake yi a ƙarƙashin fata. Ƙofar infliximab duka ta rufe. An kuma tattauna ƙara methotrexate don danne antibodi, kamar yadda ake yi a amosanin gaɓoɓi, amma ƙa'idar ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta 2019 ba ta goyi bayan yin haka ga masu ciwon ƙashin baya ba, bayan bori biyu kuma lokacinsa ya wuce.

Tunda toshe TNF ya yi masa aiki shekara guda, hanyar ba ta ɓaci ba, maganin ne ya ɓaci, don haka wani ɗan gidan ya dace. In ƙarin ruwa yake so, akwai golimumab na jijiya: miligiram 2 ga kowane kilo, minti 30 kacal, mako na 0 da na 4 sannan duk mako 8, Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2017, amma ba kowace ƙasa ake samunsa ba. Akwai secukinumab, mai toshe wani sinadari daban da ake kira IL-17, wanda aka fitar da nau'insa na jijiya a Amurka a 2023, ana sa shi duk mako 4. Sai dai bai kai su adalimumab kare ido ba, kuma yana iya tayar da kumburin hanji ga mai shi. Akwai ƙwayoyin sha irin su upadacitinib, amma ana taka-tsantsan da su ga wanda ya daɗe yana shan taba, saboda haɗarin zuciya da daskarewar jini.

Ido ya sake yanke hukunci. Kumburi sau biyu a ido guda ba abin wasa ba ne, sai aka tsaya a kan adalimumab miligiram 40 duk mako 2 a ƙarƙashin fata. Antibodin infliximab ba ya kama shi, ko da yake wanda jikinsa ya taɓa ƙera antibodi a kan magani ɗaya ya fi saurin ƙerawa a kan na biyu, saboda haka tsallake rana ya fi yi masa tsada fiye da kowa. Ma'aikaciyar jinya ta koya masa da alƙalamin gwaji, wato abin yin allura mai siffar alƙalami: a fito da allura daga firji ta huce minti 15 zuwa 30 don rage zafi, a yi a cinya ko ciki nesa da cibiya, a riƙa sauya wuri, kada a bari ta daskare. Alƙalami guda yana iya zama a waje har kwana 14 in zafi bai wuce digiri 25 ba, abin da ya warware masa matsalar tafiya, muddin ya duba takardar nau'in da aka ba shi.

A mako na 12 da fara adalimumab ASDAS ɗinsa ya sauko daga 3.9 zuwa 1.8, CRP 4, ido lafiya. Bai kai 1.4 na shekarar farko ba, sandarewar safe na ɗaukar minti 20, amma ya wuce ma'aunin ci gaba da magani. Ɗakin ƙarin ruwan ya sauya abu biyu a tsarinsa: ba a soke ranar kowa sai an rubuta masa sabuwa a wayar nan take, kuma duk wanda ya wuce ranarsa da mako 2 sunansa na fitowa a jerin waɗanda za a kira. Wanda tazararsa ta yi tsawo kuma, ana auna ragowar magani da antibodi, a jira sakamako, kafin a haɗa masa leda ta biyu.